Ciwon Dajin Maza: Kafin Wuƙa, Sai an Sami Amana

Akwai ciwon da namiji zai tsaya a ƙofar masallaci ya ba da labarinsa, har ya ɗaga riga ya nuna inda aka ɗinke shi. Akwai kuma wanda ko ɗan cikinsa sai ya yi da gaske kafin ya ji daga bakinsa. Ciwon dajin furostet yana cikin kashi na biyu. Yana kama mutum a inda kunya ta fi yawa, maganinsa kuma yana taɓa abubuwan da magidanci ya fi sakayawa: fitsarinsa, tsarkinsa, da shimfiɗarsa da iyalinsa. Shi ya sa nake ganin a ƙasar Kabi da Gwandu, abin da ke raba wanda zai sami magani da wanda zai koma gida ya jira ajali, sau da yawa, shi ne irin likitan da Allah Ya haɗa shi da shi. Ƙwarewar hannu wajibi ce, babu musu. Amma hannun ba zai kai ga aiki ba sai mara lafiya ya yarda ya kwanta, dattijo kuwa ba ya kwanciya a gaban wanda zuciyarsa ba ta natsu da shi ba.

Furostet wani ƙullutu ne da kowane namiji ke da shi a ƙasan mafitsara, girmansa bai wuce na goro ba, hanyar fitsari kuma ta ratsa ta tsakiyarsa. Shi ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Idan shekaru suka haura 50 yakan ƙara girma ya matse hanyar, fitsari ya riƙa fita da ƙyar, mutum ya riƙa tashi cikin dare yana zarya. Mafi yawan irin wannan kumburi ba daji ba ne, tsufa ne kawai. Sai dai a cikin ƙullutun nan dajin kan tsiro, kuma a farkonsa ba ya ciwo, ba ya ba da alama.

Ƙiyasin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar na shekarar 2022 ya nuna sama da mutum 18,000 ne cutar ta kama a Nijeriya a shekara guda, sama da 11,000 kuma suka rasu saboda ita. Babu dajin da ya fi ta kama maza a ƙasar nan. A Birtaniya an lissafa cewa baƙin mutum 1 cikin 4 zai gamu da ita a rayuwarsa, alhali a sauran maza 1 ne cikin 8, wato mu ta fi bi. To amma a can ɗin ne aka bi sawun maza 1,643 da aka gano cutarsu tun tana sabuwa har tsawon shekara 15, sakamakon da ya fito a 2023 kuma ya nuna kimanin 97 cikin 100 ba ita ta kashe su ba. Cuta ɗaya ce a Landan da Argungu. Bambancin yana ga lokacin da mutum ya isa gaban likita, da kuma ko ya tsaya bayan ya isa.

A kwarin Rima akwai dalilin da ya ƙara mana jinkiri. Wanda ya tashi a fadamun Argungu, Augie ko Bunza, yana su, yana noman shinkafa, yana wanka a gulbi, ya san tsargiya tun yana yaro. Ya ga jini a fitsarinsa, ya ga na sa'o'insa, babu wanda ya ɗaga hankali. Da wannan sabo yake girma, har ya kai ga ɗaukar duk wata matsalar fitsari abin da za a yi haƙuri da shi. Likitocin Sakkwato sun daɗe suna rubutu a kan alaƙar tsargiya da dajin mafitsara a yankin nan, wanda shi ma wani ciwon ne daban, amma ƙofar shigarsu ɗaya ce: raina abin da fitsari ke nunawa. Idan abin ya dame shi sai a ce sanyi ne, ko basir. Ranar kasuwa mai lasifika yana nan da kwalabe, ya ambaci ciwon da sunan da ba ya ba da tsoro, ya yi alkawarin waraka cikin kwana bakwai. Ga kuma maganar da ta zauna a zukata, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu. Haka ake ta jan lokaci, har daren da fitsari zai tsaya cak, ko ciwon baya ya hana ruku'u, ko ƙafafu su fara mutuwa saboda cutar ta kai ƙashin baya. Sai a lokacin ake neman mota.

Daga nan tafiya ta fara. Babban asibitin Argungu zai sa robar fitsari ya sauƙaƙa azabar, ya tura shi Birnin Kebbi, Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko kuma na Kalgo. In ana bukatar ƙona cutar da na'ura, sai a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 150 daga Birnin Kebbi. Kowane zango yana cin kuɗin mota, kuɗin gwaji, kuɗin kwana, da buhunan shinkafar da aka ajiye don damina. A kowane zango kuma mutum yana iya cewa ya gaji, a mayar da shi gida. Abin da ke riƙe shi a kan hanyar nan shi ne ya san akwai wani likita guda da ya san sunansa, ya san ciwonsa, kuma bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Gwajin farko ma jarrabawa ce. Bayan gwajin jini da ake kira PSA, likita yakan bukaci ya sa yatsa ta dubura ya taɓa ƙullutun, in ya ji abin da bai gamsu da shi ba a ɗebo 'yar tsoka da allura a kai ɗakin gwaji. Ka ɗauka limamin unguwa ne, ko mai gari, mutumin da jikokinsa ba su taɓa ganin kansa babu hula ba. Likitan da ya ce masa "cire wando ka hau gado" a gaban ɗalibai da 'ya'yansa, ba tare da wani bayani ba, ya gama rasa shi, ko da kuwa shi ne gwanin gwanaye. Wani likitan kuwa zai sallami jama'a, ya ja labule, ya zauna, ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, akwai gwajin da ba shi da daɗi, amma minti ɗaya ne, kuma babu mai gani sai ni. Ka san ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Gwaji ɗaya suka yi, kayan aiki ɗaya. Na biyun ne zai sake ganin dattijon ranar da aka ce ya dawo.

Sai batun tiyata. Idan cutar ba ta fita daga ƙullutun ba, ana iya cire shi gaba ɗaya, mutum ya warke. Amma aikin yana da farashi a jiki: wasu sukan yi fama da ɗigar fitsari na watanni, wasu ya zame musu na dindindin, da yawa kuma gabansu kan yi rauni. Tarihin aikin kansa yana da darasi. Tun 1904 Hugh Young ya fara shi a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, aka shafe shekaru fiye da 70 ana ɗaukar mutuwar gaba a matsayin abin da ba makawa. A 1977 wani da aka yi wa aikin ya shaida wa likitansa, Patrick Walsh, cewa shi lafiyarsa ƙalau ta wannan ɓangare. Walsh bai yi watsi da maganar ba. Ya ce in har mutum ɗaya ya tsira, to jijiyoyin da ke tayar da gaba ba a cikin ƙullutun suke ba, suna gefensa, wuƙa ce ke datse su cikin rashin sani. Ya bi diddigi tare da wani masani ɗan ƙasar Holan, Pieter Donker, har suka gano inda jijiyoyin suka bi, a 1982 kuma ya yi aikin farko da aka tsallake su da gangan. Ɗaya daga cikin manyan ci gaban da aka samu a fannin nan ya faro ne daga likitan da ya saurari mara lafiya a kan abin da ake jin nauyin faɗa.

Sai dai mu faɗi gaskiya, mafi yawan dattawanmu suna isa asibiti ne bayan lokacin wancan aiki ya wuce. Abin da ya rage shi ne a hana cutar abincinta. A 1941 Charles Huggins na Jami'ar Shikago ya gano cewa dajin nan yana rayuwa ne da sinadarin mazakuta da 'ya'yan maraina ke samarwa, in an yanke sinadarin sai ya lafa, binciken da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Hanya biyu ce: allura duk wata ɗaya ko wata uku har iyakar rayuwa, mai tsada ƙwarai, ko ƙaramar tiyata sau ɗaya a cire 'ya'yan marainan. Ga manomin da ba shi da albashi, ta biyun ce aljihunsa zai ɗauka, kuma tana aiki: ciwon ƙashi ya ragu, fitsari ya saki, mutum ya ƙara samun lokaci cikin sauƙi. Amma a harshenmu kalmar da ke bayyana wannan aiki a kan dabba ake faɗarta. Mutum mai shekara 60, wataƙila da amarya a gida, za a ce wa ya sa hannu a kan haka. Tambayar da ke cin ransa ba zai yi ta a gaban ɗansa ba. Sai likita ya fahimta, ya ce wa ɗan ya ɗan ba su wuri, sannan za ka ji dattijon ya sassauta murya: "Likita, in an yi aikin ga, ina iya komawa ga iyalina?" Amsar gaskiya ita ce da wuya, ko allura aka yi ko tiyata. Likitan da ya faɗi haka cikin girmamawa, ya ba shi kwanaki ya yi shawara da istihara, ya fi wanda ya ce "babu komai" don ya samu sa hannu. Wanda aka yaudara zai gane daga baya, kuma labarin da zai bayar a majalisa zai hana mutum goma zuwa asibiti.

Haka batun tsarki. Ga Musulmi ɗigar fitsari ba matsalar wanki ce kawai ba, matsalar salla ce. Akwai wanda zai daina zuwa jam'i don yana ganin ba shi da alwala. Likitan da ya san mutanensa zai taɓo zancen tun kafin aiki, ya tura shi ga malami, domin fiƙihun Malikiyya da muke bi ya yi rangwame ga mai irin wannan lalura. Magana ce ta minti biyu, amma tana iya mayar da mutum sahun gaba.

Tausayin da nake magana a kai ba ya nufin ɓoye gaskiya. Mun saba 'ya'ya su ja likita gefe su ce, "Don Allah kada ka gaya wa Baba." Niyyarsu mai kyau ce, amma jikin na Baba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba mara lafiya haƙƙin sanin halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da amfani da haɗari da kuɗin kowace, da 'yancin ƙin amincewa, kuma a yi masa bayani da harshen da yake ji. Bayan doka ma, mutum yana da bashin da zai biya, da wasiyyar da zai bari, da wanda zai nemi gafararsa. Gwanintar likita tana ga yadda zai faɗa: ya fara jin abin da dattijon ya riga ya zata, ya ba shi gwargwadon abin da zai iya ɗauka a zama ɗaya, kuma kada ya tashi sai ya nuna masa abin da za a iya yi. Ko cutar ta wuce warkewa, ciwo yana da magani, kuma barin mutum yana birgima cikin azaba sakaci ne.

Likitan amana kuma yakan san lokacin da zai ajiye wuƙa. Wancan bincike na Birtaniya ya raba mazan gida uku, wasu aka yi musu tiyata, wasu aka ƙona da na'ura, wasu aka riƙa sa musu ido da gwaji, amma yawan waɗanda cutar ta kashe bai bambanta sosai ba, ko da yake ta fi bazuwa a cikin waɗanda aka sa wa ido. Ma'ana, akwai dajin furostet mai tafiyar hawainiya, wanda tsoho ɗan shekara 80 zai rayu da shi har wani abin daban ya zama ajalinsa. Wanda zai ce maka "naka ba ya bukatar aiki yanzu," ko "wannan ya fi ƙarfin kayan aikina, ga takarda ka je Sakkwato," alhali da ya yi aikin zai sami kuɗi ko suna, shi ne wanda za ka miƙa wa ranka.

Na san wani zai ce, a ba shi likita mai ɗaure fuska da ya iya aiki, ya fi mai fara'a da zai kashe shi. Gaskiya ne fara'a ba ta ɗinke jijiya, kuma masu damfara sun fi kowa iya murmushi. To amma wa ya ce dole a zaɓi ɗaya? Mu duba abin da ya sa mai maganin kasuwa ke cin galaba a kan asibiti. Maganinsa ba ya warkar da daji, amma yana shimfiɗa tabarma, ya gaisa, ya tambayi iyali, ya saurara har ka gama. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, shi kuwa ya haɗa duka biyun. Duk ranar da likita ya daka wa dattijo tsawa, ya tura wa mai lasifika ciniki ne. Ciwon nan kuma ba na zuwa ɗaya ba ne. Shekaru ake yi ana dawowa gwajin jini, ana canja magani, ana canja roba. Ƙwarewar da mara lafiya ya guje wa ba ta amfane shi da komai ba.

Adalci kuma shi ne a dubi halin da likitocin ke ciki. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana a 2024 cewa kimanin likitoci 16,000 sun bar Nijeriya cikin 'yan shekarun da suka gabata, waɗanda suka rage kuma ba su wuce 55,000 ba, mafi yawansu a manyan birane. Likitan da ya kwana a ɗakin tiyata, ya fito ya tarar da layi har waje, ba shi da minti 20 da zai ba kowane dattijo. Tausayi yana bukatar lokaci, lokaci kuma yana bukatar yawan ma'aikata. Idan Gwamnatin Kebbi tana son likitoci masu sauraro, sai ta biya su abin da zai zaunar da su, ta ɗauki nauyin horar da 'yan jiha a fannin mafitsara, ta kuma samar da ma'aikatan jinya da aikinsu shi ne zama da mara lafiya da iyalinsa a yi musu bayani da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci.

Kebbi ba baƙuwa ba ce a yaƙi da ciwon daji. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, matar tsohon gwamna kuma wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, ta sa sunan jihar ya fito a fagen nan, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, mutum na farko daga Afirka da ya kai wannan matsayi. An yi aiki sosai a kan dajin nono da na bakin mahaifa, mata sun fara fitowa gwaji. Maza ne aka bari a baya, ko kuma suka bar kansu. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya ƙunshi na furostet, amma manomin Gulma bai san da shi ba sai an gaya masa. Ya kamata hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, ta tabbatar gwajin PSA da ganin likitan mafitsara sun zo hannun talaka.

Yadda ake gina amana kuwa, mun taɓa koyonsa da tsada. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Abin da ya gyara ɓarnar shi ne shigowar sarakuna da malamai, ta kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko da aka kafa a 2009, wanda Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ke jagoranta a yau, har aka kai ga ayyana Nijeriya ta rabu da cutar a 2020. Muryar da ta shigar da ɗigon rigakafi gidaje tana iya fitar da magidanta zuwa gwaji. Muna kuma bukatar waɗanda suka yi fama da dajin furostet su yi magana. Nelson Mandela bai ɓoye ba sa'ad da aka ƙona masa cutar a 2001, ya rayu har 2013. Wole Soyinka ya tara 'yan jarida a 2014 ya faɗi tasa. Dattijo ɗaya da zai ce a majalisa, "An yi mini, ga ni," ya fi sanarwar rediyo ta wata guda.

Kai kuma mai karatu, in ka kai shekara 50, ko 45 idan mahaifinka ko ɗan'uwanka ya yi ciwon, je ka tattauna da likita a kan gwaji. Hauhawar PSA ba ta nufin lallai daji ne, don haka kada tsoro ya hana ka. In ta kai ga maganar aiki, tambayi likitan: cutar ta kai ina? In ban yi ba me zai faru? Me zai sami fitsarina da gabana? Ka saba yin irin wannan aiki? Wa zan gani in na dawo? Wanda ya amsa maka dalla-dalla, bai fusata ba, bai kuma hana ka jin ta bakin wani likita ba, riƙe shi. Ku kuma likitocinmu na Birnin Kebbi da Argungu, mun san nauyin da ke kanku, amma dattijon da ke gabanku ya haɗiye kunyar shekaru kafin ya shigo. Ku ja labule, ku zauna, ku gaya masa gaskiya da harshen da za ku so a gaya wa mahaifinku.